Tambayi Bakanike: In cire fankar inji in sa ta lantarki?

Tambaya daga wani mai karatu a Bunza:

Assalamu alaikum Malam. Ina da Hilux mai fetur, injin 2.7, ƙirar 2012. Da ita nake kwaso shinkafa shanshera daga fadamar wajen Suru zuwa injin casa, wata rana Birnin Kebbi, wata rana Argungu. Tun da bazara ta kama, in na ɗora buhu 20 na shiga rairayin da ke tsakanin gona da kwalta, sai allurar zafi ta wuce rabi ta doshi ja. Da na hau kwalta sai ta sauko. Wani rewaya ya ce in cire fankar da ke jikin inji ya sa mani ta lantarki irin ta Camry, wai ta fi sanyaya inji, kuma za ta rage shan mai. Da tsadar man nan, maganar ta shiga raina. Me kake gani?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa a kwashe lafiya, ya ba da kasuwa. Kada ka cire ta. Motar da ke irin aikin da taka ke yi, fankar inji ce daidai da ita. Abin da ka kwatanta yana nuna ɗayan biyu: ko wadda ke jikin motar ta gaji, ko iska ta rasa hanyar ratsa lagireto. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40, wannan ƙorafin ne ya fi kawo mana motocin lodi gareji, kuma galibinsu da fankarsu ta asali suke komawa bakin aiki.

Direbobinmu da yawa sun ɗauka fankar Hilux a ɗaure take kam da inji. Ba haka take ba. Tsakanin fulin da fambel ke juyawa da fuka-fukan fanka akwai wani curin alminiyam mai zara-zara, shi ne kulocin fanka. Cikinsa man silikon ne mai kauri. A fuskarsa da ke kallon lagireto kuma akwai ɗan sifirin da aka yi da ƙarfe iri biyu. In iskar da ke fitowa daga lagireto ta yi zafi, sai sifirin ya murɗa, ya buɗe wata 'yar ƙofa a ciki, man ya kwararo tsakanin faifan da inji ke juyawa da gangar da fanka ke jikinta, ya kama su tare. A nan ne za ka ji fanka ta ɗauki ruri. In iskar ta huce, ƙofar ta rufe, man ya koma ma'ajiyarsa, fanka ta ci gaba da juyawa a sake, ba ta ɗora wa inji nauyin kirki. Rurin da kake ji da asuba in ka ta da mota, wanda ke ɗaukewa bayan minti ɗaya ko biyu, man ne da ya kwanta cikin dare. Lafiya ce.

Yanzu dubi halin da motarka ke shiga. A kan kwalta, da zarar ka wuce gudun kilomita 50 zuwa 60, iskar da ke bugo hancin mota ta isa ta sanyaya lagireto, fanka kusan hutu take yi. Shi ya sa allurarka ke saukowa da ka hau titi, kuma na ji daɗin jin haka, don yana nufin famfon ruwa da cikin lagireto suna aiki gwargwado. A rairayi kuwa kana giya ɗaya ko biyu, ƙafa na kan totur, inji na kuka, amma tafiyar ba ta fi ta mai keke ba. Zafin inji ya kai maƙura, iskar hanya kuma babu. Duk iskar da za ta ratsa lagireto sai wadda fanka ta jawo da ƙarfinta. Fankar inji tana bin gudun inji ne, in ya ɗaga ta ɗaga, saboda haka lokacin da inji ya fi haifar da zafi, lokacin ne ta fi jan iska. Ta lantarki kuwa iyakarta ɗaya ce. Ko ka take totur har ƙasa, abin da take bayarwa a silo shi za ta ba ka a tsakiyar rairayi.

Ga lissafin da nake so ka kai wa rewayan, ku zauna ku duba tare. Fankar lantarki mai ƙarfi tana jan wajen amp 20 zuwa 30. Wutar mota in inji na tashe wajen volt 14 ce. Ninka 14 sau 25, wat 350 ke nan. Ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne. Ka ga duk ƙarfin da fankar za ta sa wajen jan iska bai kai rabin doki ba. Ita kuwa ta inji, in kuloci ya kama kuma inji na sama, dawakai da dama take karɓa kai tsaye daga inji ta mayar da su iska. Wannan ƙarfin da ake zarginta da cinyewa, shi ne dai iskar da ke hana ka ƙona gasket a fadama.

Akwai kuma maganar inda wutar za ta fito. Altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, a irin waɗannan motoci yawanci amp 70 zuwa 80 take bayarwa, shi ma sai inji ya ɗaga, a silo ba ta kaiwa nan. A cikin wannan ne fitilu za su ci, famfon mai ya ci, kwamfutar inji ta ci, esi ya ci. Ka ƙara fanka babba a kai, wadda a daidai lokacin tashinta take fizgar wuta fiye da abin da take ci in ta daidaita, sai ka ga batir na mutuwa ba ka san dalili ba, musamman ga mai lodin dare.

Ban ce rewayan ƙarya yake yi ba, don a kan Camry gaskiyarsa ce. Amma Camry da Corolla da Golf injinsu a gicciye yake kwance, fulinsa gefen taya yake kallo, ba lagireto ba, babu ta yadda fambel zai juya musu fanka. Kuma fankarsu an auna ta ne da motar da ke ɗaukar mutum biyar a kan titi. Ka duba abin da masu ƙera motocin wahala suka zaɓa. Land Cruiser a-kori-kura mai injin 1HZ, fankar inji ce. DAF da Howo da ke lodin albasa a Aliero, in ka leƙa ƙarƙashin kansu fankar inji za ka gani. A Amurka ma, kamfanin GM ya mayar da ƙananan a-kori-kuransa Silverado 1500 kan fankar lantarki tun 2005, amma manyan na dizal masu jan kaya, 2500HD, ya bar su da ta inji. Su kuma waɗanda suka fito daga kamfani da ta lantarki, tun farko an haɗa su da altaneta babba, da wayoyi masu kauri, da kwamfutar da ke lura da zafi, da lagireton da aka auna da fankar. Wannan daban ne da a ɗauko ta Camry daga kasuwar kayan Beljiyam a ɗaure da waya a bayan lagireton Hilux.

Maganar mai ba na raina ta. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, duk mai motar lodi lissafin lita yake kwana da shi. Sai dai kuloci mai lafiya a sake yake a kan kwalta, inda ka fi daɗewa, don haka abin da yake ci a nan kaɗan ne. Ita ma ta lantarki ba kyauta take juyawa ba, altaneta ce ke ba ta, altaneta kuma inji ke jan ta. Ɗan abin da za ka rage na mai ba zai biya kuɗin gasket ɗaya da gyaran kan silinda ba, balle asarar kwanakin da mota za ta yi a gareji ana tsakiyar kwasar rani.

Abin da ya fi damuna da ta lantarki a hanyoyinmu shi ne yadda take mutuwa. Rayuwarta ta rataya ne a kan fis, da rile mai ba ta wuta ya yanke, da na'urar jin zafi, da soket, da burushin motar lantarkin da ke juya ta. Ƙurar hunturu da lakar damina da girgizar hanyar burji duk abokan gabar waɗannan ne. In ɗaya ya saki, fanka ta tsaya cak ba tare da wata ƙara ba, direba kuma idonsa na kan hanya, sai ya ga tururi. Kulocin fanka a hankali yake gajiya, yana ba ka alama makonni kafin ya kwanta, irin alamar da kai kake gani yanzu.

To ga abin da za ka sa a duba, kuma ka tsaya a kai da kanka.

Na farko, kulocin fanka. Da safe, inji a kashe kuma a sanyaye, makulli a aljihunka, ka tura fanka da hannu. Ya kamata ka ji ɗan tauri, ta tsaya da ka sake ta. In ta yi ta zagaye ita kaɗai, man ya tsiyaye. Ka kama fiffike ɗaya ka girgiza gaba da baya. In da lilo, boris ya ci, ko na kulocin ko na famfon ruwa. Ka duba wajen sifirin nan na gaba, in ka ga maiƙo ƙura ta manne a kai, ta nan man ke fita. Gwajin da ya fi faɗin gaskiya kuwa sai mota ta yi zafi. In allura ta hau a rairayi, ka kasa kunne. Dole ka ji ruri. In babu ruri alhali allura na sama, kuloci bai kama ba. Ka kashe inji a lokacin ka leƙa, fanka mai lafiya tsayawa take yi kusan nan take. Don Allah kada kowa ya gwada tsayar da ita da hannu ko tsumma inji na tashe, ana yin haka a wasu garejoji kuma ana rasa yatsu.

Kulocin Toyota na asali yana da wani alheri: da sukurori aka haɗa shi, ana buɗe shi a wanke a zuba sabon man silikon. Amma silikon ɗin na gaskiya, ba giris ba, ba man giya ba, kuma daidai awo. In ya yi yawa sai fanka ta kama ta ƙi saki. In boris ɗinsa ya tafi, a sayi wani.

Na biyu, gidan fanka, wato robar nan da ke kewaye da ita ta manne da lagireto. Sau da yawa yaran gareji in sun sauke lagireto sai su ga mayar da ita wahala ce, ko ta fashe a jefar. Fankar da ba ta da gida kamar zugazugin maƙeri ne da ya huje, ana ta bugawa amma iskar ba ta isa inda ake so. Maimakon ta jawo ta cikin lagireto, sai ta riƙa jawo ta gefe tana juya zafin da ke cikin bonet. Ya kasance gidan na nan, ba tsaga, kuma wajen rabin faɗin fuka-fukan na cikinsa.

Na uku shi ne wanda na fi zargi a motar mai shinkafa. Tsakanin kondensar esi, wato ɗan lagireton esi da ke gaba, da lagireto akwai ɗan fili da ido ba ya gani daga waje. Nan ƙaiƙayi da ƙura da fatsi-fatsin ciyawa ke taruwa su yi kirtani. Ina sauke lagireton motocin fadama in tarar da rabinsa na ƙasa a toshe, alhali daga gaba tsaf yake. A raba su biyun, a wanke daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi sosai, don injin wankin mota mai matsi yana kwantar da zara-zaran lagireto. Mai irin aikinka ya kamata ya yi haka bayan kowace kaka da kowane rani.

Murfin lagireto ma a duba shi. Lambar da ke kansa, 0.9 ko 1.1, matsin da yake riƙewa ne, kuma wannan matsin ne ke hana ruwa tafasa sai ya kai wajen digiri 120. In robarsa ta tsufa, ruwa ya riƙa tafasa da wuri yana zubewa kaɗan-kaɗan. Ka sayi mai lamba irin ta asalin. Ruwan rijiya da na burtsatse kuma suna barin farin daskararren abu a cikin bututan lagireto, shi ya sa na fi son a zuba kulan, wato ruwan da aka haɗa musamman don lagireto.

Sai maganar da na san ba za ta yi maka daɗi ba, Alhaji. Hilux an yi ta ne don kaya wajen tan ɗaya. Buhun shanshera ko kilo 75 aka ɗauka, buhu 20 tan ɗaya da rabi ne. Babu fankar da za ta goge wannan. In da hali, ka fito da kayan kashi biyu daga gona zuwa bakin kwalta, ka yi lodin da sanyin safiya, ka ɗan rage iskar taya kafin ka shiga rairayi ka mayar in ka fito. In allura ta hau, ka tsaya, ka kashe esi, ka ɗaga bonet, ka bar inji na aiki matuƙar ba ruwa ne ke zuba ba, don fanka da famfo su sauke zafin. Kada a buɗe murfin lagireto, kada a kwara wa inji ruwan sanyi.

In damina ta faɗi kuma ka zo ƙetare ruwa, a nan kam fankar inji tana da haɗari. In fuka-fukanta suka daki ruwa da gudu, suna lanƙwasowa gaba su yanki lagireto. Ka tsaya inji ya huce kuloci ya saki, sannan ka shiga a hankali. Ruwan da ya kai tsakiyar fanka kuwa ya kusa inda inji ke shaƙar iska, gara ka nemi wata hanya.

Tambaya daga wani direba a Kamba:

Oga barka da aiki. Tawa tsohuwar Hilux ce mai dizal. Da ta fara obahitin, makanikena ya ɗaure kulocin da ƙusa ya zama dairek, ya kuma cire tamostat, ya ce na ƙasar sanyi ne. Zafin ya ragu amma ƙara ta yi yawa. Akwai matsala?

Amsa:

Barka kadai, ɗan'uwa. Akwai. Ɗaure kuloci dabara ce ta fitar da mota daga daji zuwa gari, ba ta zama ba. Fanka in gudunta ya ninka, ƙarfin da take ci ninki takwas yake yi, don haka a kan hanyar Kamba zuwa Birnin Kebbi, inda ba a ma bukatarta, kana ƙona dizal ne wajen juya ta. Nauyin kuma a kan boris ɗin famfon ruwa da fambel yake sauka, fuka-fukan roba su tsage, wata rana ɗaya ya ɓalle ya shiga lagireto. An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago. A gyara kulocin ko a sake shi.

Tamostat kuma, wato 'yar ƙofar da ke sakin ruwa zuwa lagireto in inji ya ɗumama, ba na ƙasar sanyi ba ne. A yawancin injinan Toyota a digiri 82 yake buɗewa, kuma da zarar inji ya ɗumama a buɗe yake, ba ya hana ruwa tafiya. A injina da yawa ma yana da aiki na biyu: in ya buɗe, gindinsa yana toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma cikin inji. In ka cire shi, wani kaso na ruwan ya riƙa zagaye a ciki bai je lagireto ba, sai ka ga motar da aka cire wa tamostat ta fi yin zafi a ƙarƙashin lodi. Da sanyin hunturu kuma inji ya yi ta aiki bai kai zafinsa ba, ya sha mai, ya yi hayaƙi, ya ci kansa. A mayar da shi. In kana shakkar wanda ka saya, jefa shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta, ka ga ya buɗe kafin ruwan ya tafasa.

Tambaya daga wata mai sana'ar ruwan leda a Birnin Kebbi:

Malam, motata rarraba ruwa take yi a cikin gari, shago-shago. Direba ya ce in ya tsaya ana sauke kaya inji na silo, zafi na ɗan hawa, esi kuma ya daina sanyi. Ni ma kada in sa ta lantarki?

Amsa:

Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Ke kam akwai inda ta lantarki za ta yi miki amfani, don raunin fankar inji a silo yake. Inji na ƙasa, ita ma tana ƙasa, ta lantarki kuwa ko mota na tsaye cikakken gudunta take yi. Amma ƙari za a yi, ba musanya ba, domin ruwa kaya ne mai nauyi. A fara da gwaje-gwajen da na faɗa wa Alhaji a sama. In komai lafiya, a sa ƙarama a gaban kondensa mai turo iska ciki. Ƙarama nake cewa, don babba in tana kashe tare iskar hanya take yi.

Ki ce wa rewaya wutarta daga batir za ta fito, da waya mai kauri, da fis nata a kusa da batir, ta bi ta rile. A haɗa rilen yadda za ta tashi in an kunna esi ko in zafi ya hau, kada a haɗa ta da makulli ta yi ta gudu ba tsayawa, burushinta ba zai daɗe ba. A kafa ta a jikin ƙarfen mota, kada a soka abin ɗauri ta cikin zara-zaran kondensa, girgiza za ta huda shi. Kafin direba ya bar wajen, a kunna ta a kara takarda a gaban mota. In takardar ta manne, iska na shiga daidai. In ta ture ta waje, an juya wayoyin, a gyara nan take, in ba haka ba fankokin biyu za su riƙa ja-in-ja da juna.